Lambar Inna a Hannun Mai Shanu

A fadarmu ta Gidan Rumji, inda muke zaman shayi bayan la'asar, babu abin da ba a gyara shi da baki ba. An gyara wutar lantarki, an sauke farashin mai, an buɗe iyaka an sake rufewa, duk kafin a tafasa shayi na biyu. Da can ni ma ina cikin masu gyaran, har nakan fi kowa ɗaga murya, domin malamin lakol ne ni, wato makarantar boko, kuma malamin lakol in bai sami yara ba sai ya koma kan manya. Yanzu kuwa nakan sha nawa in kakkaɓe riga in tashi. Suna cewa tsufa ya fara kama mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakol a wajenmu. Ni kuwa na san lambar wayar mahaifiyata ce ta kashe mini baki.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Gazawa. Kakanninmu Fulani ne da suka jingine sanda suka ɗauki hauya. Shanun sun ƙare tun zamanin kakana, Fulatancin ma ya bi su, sai 'yan kalmomin da ake tsawata wa yara da su. Abin da ya ƙi tafiya shi ne kunya, musamman kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta faɗi sunan wana ba. "Wancan" take ce masa, ko "mutumin naku". Idan ya yi zazzaɓi goggonmu ce ke jinyarsa, Inna kuwa ta yi ta kai da kawo a bakin ɗakin da tsintsiya, tana share wurin da ta riga ta share. Idan aka yabe shi a gabanta sai ta tashi ta ce wuta na cin tuwonta.

Lokacin da aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a sa shi lakol, ni aka bayar, domin ni ba ni da amfani a gona. Wana ya zauna da hauya da 'yan tumakinmu. Bai san bihim ba a karatun boko, amma kansa ya fi nawa riƙe abu. Bayan rasuwar Baba damina ta yi ta yi mana gardama, shekara ta bi shekara, sai ya ɗaure kaya ya bi masu haƙar zinariya zuwa arewa. Daga can ya ƙara gaba, ya tsallake hamada. Kafin ya tafi ya saya wa Inna 'yar ƙaramar salula, irin mai maɓallai da tocila a ka, ya zauna a gindin bishiyar bedi ya haddace lambarta kamar mai tilawa. Na rubuta masa tawa a takarda, ya karɓa don kada in ji haushi. Na san ba ta kai garin Agye ba ta zama abin ƙunsa taba.

Ta Inna kaɗai ce lambar da ya sani a duniya. A can inda yake waya ba ta daɗewa a hannun baƙo, ko a ƙwace ko a sace ko yunwa ta sa a sayar. Saboda haka kowane kira da sabuwar lamba yake zuwa, ta wani mai shago ko ta abokin aiki, kuma in ka bi ta daga baya sai ka ji wani yana maka Larabci. Wani lokaci ya kira sau biyu a wata, wani lokaci damina ta zo ta wuce shiru. Mu ba mu da hanyar nemansa. Shi ke neman mu, kuma ta ƙofa ɗaya.

Na sha ganin yadda kiran yake zuwa. Inna za ta ɗauka, da ta ji sallamarsa sai ta miƙa wa wanda ke kusa.

"Ungo, mutumin naku ne."

Sai ta jawo faifai ta zauna ɗan nesa kaɗan, ta ba mu baya, tana bakace. Wata rana na leƙa faifan, na ga babu ko ƙwayar gero a ciki. Shi ma ya san dokar. Ba ya cewa a ba shi ita, sai dai ya ɗaga murya ya ce a gai da mutanen gida, a ce musu yana lafiya, yana cin abinci. Idan aka kashe sai ta karɓi abarta ta goge da gefen zane ta ce mun cinye mata wuta.

A bakinta wayar tocila ce kawai. Ko bayan da ta koma Gazawa gidan ƙanwata, autarmu, ta hana kowa kiranta a ciki. In kana son gaishe ta, ka kira autar a miƙa mata. Ta ce surutu ke kashe batir, ita kuwa tana bukatar haske in za ta zagaya. Labarin zuciya a tambayi fuska: ni na san tsoronta kada ya kira ya tarar ana magana.

Sai ga shekarar da aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa mana daga kudu ta ɗauke. Ba zan tsaya ba da labarin wahalar ba, kowa ya sha tasa. Masu ƙanƙara sun koma sayar da ruwan randa, teloli sun kakkaɓo tsofaffin kekunan ƙafa. A fada kuwa kasuwa ta buɗe. Akwai wani tsohon jandarma mai ritaya a cikinmu, shi a ganinsa alheri ne ya same mu.

"Ƙasa da rana kamar wagga, kullum tana gasa muna ƙeya, mi ya kai mu roƙon kuran, wutar lantarki, ga maƙwabci? Gara da anka yanke, ko mu yi hankali."

Wani ɗan kabu-kabu, wanda babur ɗinsa ke ci da shi, ya ce masa hankali ba ya shiga tanki. Ya ce shi dai ya san kwalbar man da yake saye jiya ba ita ce ta yau ba, kuma fasinja ba ya biyan kishin ƙasa. Ni kuma na gyara zama na yi musu dogon bayani a kan ƙasar da ke da ma'adinai amma take kwana a duhu. Na ji daɗin kaina ƙwarai ranar, har aka ƙara mini shayi.

Ina can ina wannan bayani, ashe a Gazawa Inna na ɗaukar wayarta da kanta zuwa rumfar wani mai caji a bakin tasha. Mutumin yana da ɗan injin wuta da katako mai cike da ramukan soket, wayoyi rataye kamar jemagu. Da mai ya yi tsada sai ya ga gara ya haɗa sana'a biyu, ya jera kwalaben man ruwa-ruwa a ƙarƙashin teburin da yake caji. Wata rana da tsakar rana injin ya yi tartsatsi. Allah ya kiyaye rayuka, amma rumfar ta tashi da duk abin da ke cikinta. Wayar Inna ta narke da layinta a ciki.

Ba a gaya mini ba. Autarmu ta tambaye ta ko a je a nemo lambar, Inna ta ce, "Mi za a yi da ita? Ku bar abin ga, dama don haske nika riƙe ta." Autarmu a gari ta girma, in ka ce mata a'a, a'a take ji. Duk da haka ta leƙa wata rumfar masu layi, aka ce mata sai mai sunan ya zo da kansa, ta dawo ta faɗa wa Inna, Inna ta ce ai ta ce a bari. Sai autar ta saya mata sabuwar waya da sabon layi, mai tocilar da ta fi ta da haske, ta ɗauka ta share wa uwarta hawaye. Ta ce a ranta in Yaya ya kira bai samu ba zai nemi wata hanya. Inna kuma ta hana a faɗa mini, wai kada a tayar mini da hankali ina tsakiyar karantarwa. Ni kuwa ina kiran autar kamar kullum, a miƙa mata, mu gaisa, ta ce lafiya lau.

Sai da aka yi babban hutu na je. Na tarar ta rame, idanunta sun faɗa. Sabuwar wayar na rataye a ƙusa cikin ɗaki, ƙura ta hau ta, ita da ba ta rabuwa da tsohuwar ko wurin salla. A nan na ji labarin gobara. Raina ya ɓaci, na yi wa autar faɗan da har yau take tuna mini, amma a gaskiya ban san wa zan kama ba. Ita an ce mata a bari ta bari. Inna kuma ba ta da bakin da za ta ce kada a bari.

Na ce to, gobara ba ta ƙona lamba, mu je Maradi a ba mu wani layin da lambar da. A nan autar ta tuna mini abin da na manta. Lokacin da aka ce kowane layi sai an yi masa rajista da katin shaida, matan ƙauyenmu ba su da kati, mazan ma ɗaiɗai ne. Mai kantin ƙauyen, dattijo mai son taimako, shi ya ba da katinsa aka yi wa kusan rabin gari. Ba wanda ya ga aibu a ciki. Haka muke aron jaki, haka muke aron tsani. Dattijon ya rasu tuntuni, 'ya'yansa sun watsu tsakanin Katsina da Yamai, kuma a idon masu layi shi ne mai lambar Inna.

Duk da haka na ɗauke ta muka tafi, na ce ko ganin tsohuwa zai sa a tausaya. Ta yarda ne bayan na ce mata akwai maganin ƙafa da za mu karɓa a Maradi. Muka sha layi a buron kamfanin, wato ofishinsu, inda su ma injin suke kunnawa yana ta tari a bayan gida. Wata yarinya mai ladabi ta karɓe mu. Ta danna na'urarta, ta karanto sunan marigayin, ta dubi Inna.

"Inna, wa ke kiranki a wannan layin? In akwai dalili mai ƙarfi sai in rubuta sama."

"Ba kowa, ɗiyata. Sabo ne kawai."

Na ce mata wana ne, yana bayan hamada, ita kaɗai ce lambar da ya sani. Ina faɗin haka Inna ta miƙe ta fita ta tsaya a rana. Yarinyar ta bi ta da kallo, ta sake duban na'ura, ta sassauta murya. Ta ce da an zo da wuri, da magadan mai sunan da takardar alƙali, da akwai abin yi. Yanzu layin ya daɗe a mace, ya koma hannun kamfani, kuma in lokacinsa ya yi za a sake sayar da lambar ga duk wanda ta faɗo wa. Ba ta san yaushe ba, ba ta san ina ba. Ta ce za ta rubuta. Na yarda ta rubuta, amma ihu ne bayan hari.

Da na kai wannan labari fada, ba tare da na ce na Inna ba ne, sai aka yi masa rubdugu. Tsohon jandarma ya ce doka ta yi daidai. Ya ce masu satar mutane da ke tsallakowa daga dajin kudu da layukan da ba na sunansu ba suke kiran dangi, don haka duk wanda ya ari katin wani ya kuka da kansa. Ɗan kabu-kabu ya ce lamba ta wanda ke zuba mata kuɗi ce, ya ce ta yaya za ka shekara goma kana ciyar da akuya a ce ta maƙwabcinka ce don shi ya riƙe igiya ranar saye. Kowannensu ya juyo gare ni, wai mushe ya raba gardama. Na duba na ga dukansu suna da gaskiya, kuma gaskiyar tasu ba za ta sa waya ta yi ƙara a ɗakin Inna ba. Na ce kaina ke ciwo.

Daga nan na ɗauki wata ɗabi'a. Kowace safiya kafin in shiga aji sai in kira tsohuwar lambar, muryar na'ura ta ce mini ba a samun ta, in mayar da waya aljihu in je in koya wa 'ya'yan mutane jam'i da ɗebewa. Na gaji da muryar nan har na fara amsa mata baƙar magana. Kaka ta wuce, sanyi ya wuce. Wata safiya cikin bazara sai na ji tana ringi. Na tsaya a ƙofar aji.

Namiji ne ya ɗauka, a bayansa ana jin kukan maruƙa. Hausarsa ta mai shanu ce, a hankali, yana ɗaukar kalma yana ajiyewa. Ya ce a kasuwar Cadakori ya sayi layin. Na tambaye shi ko wani ya taɓa kira daga nesa.

"An kira, Malam. Murya can ƙasa-ƙasa. Ya ce a gai da mutanen gida. Na ce wane gida? Nan ruga ne, layin na saya kasuwa. Ya ce in yi haƙuri. Ya kashe."

Ban san ko murna zan yi ko kuka ba. Yana da rai, ya ƙwanƙwasa ƙofar, baƙo ya buɗe masa. Mai shanun ya sa wani ya karanto mini lambar da aka kira shi da ita, na bi ta, na sami wani mai shago da 'yar Hausarsa tsinta-tsinta, ya ce leburori da yawa ke aron wayarsa, bai san wanne nake nufi ba. Na sake kiran mai shanu na roƙe shi mu haɗu ranar kasuwa.

Na gaya wa autarmu, ban ce ta gaya wa Inna ba, ban kuma ce kada ta gaya mata ba. Ana gobe kasuwa sai ga Inna a ƙofar gidana a Gidan Rumji, ta sha motar haya tun daga Gazawa da ƙafarta mai ciwo, ɗauke da wani abu mai faɗi naɗe cikin zane. Ta ce ta ji ana yabon man shanun Cadakori, shi ta zo saye. Daga baya autar ta gaya mini Inna tunkiyarta ta sayar ta sayi abin da ke cikin zanen.

Mun same shi a gefen kara, inda ake cinikin dabbobi, dogon mutum da malafa, bai kai ni shekaru ba. Ya durƙusa ya gai da Inna. Ni na zo da niyyar sayen layin ko nawa zai ce. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ba kuɗi ne damuwarsa ba. Ƙannensa sun yi kudu da shanu tun farkon rani, tsohuwarsa na ruga, kuma wannan lambar ce suka haddace. Na tambaye shi da sunan wa aka yi rajistarta, ya ce da sunan mai sayarwa, shi ba shi da kati. Na yi dariyar da ba ta da daɗi. Na buɗe baki zan ƙara matsa masa, Inna ta ɗaga mini hannu.

"Bar mashi abinai. Wasu sun riƙe ta yanzu."

Ta kwance zanen. Ƙaramin faifan hasken rana ne, irin wanda ake ɗora wa jaki a baya, da igiyar caji. Ta tura masa gabansa ba tare da ta dube shi ba, ta ce ta ji an ce a ruga wuta na wuya, kuma bai kamata wayar mutum ta riƙa mutuwa ba. Ya dubi faifan, ya dube ta. Sannan ya ja ni gefe kaɗan ya juya mata baya, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗan fari ne?"

Na ce shi ne. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani. Ya ce in mutumin ya sake kira ba zai bar shi ya kashe ba, zai ba shi lambata, in ma ya ƙi riƙewa zai yi ta maimaita masa. Amma yana so ya kira shi da sunansa tun daga sallama, don ya san gida ne ya aiko. Ya matso da kunnensa kusa da bakina don kada tsohuwa ta ji.

Ban kai ga buɗe baki ba na ji sunan daga bayana. Inna ce ta faɗe shi, a fili, cikin hayaniyar kasuwa, ta kuma sake faɗa a hankali don mai shanu ya riƙe. Ta furta shi da wani ɗan lanƙwasa da ba haka mu muke faɗinsa ba, kuma na gane haka take kiransa a ranta tun ranar da aka raɗa masa. Mai shanu ya sunkuyar da kai. Ni na kasa juyawa in dube ta.

"Ka ce mashi ina nan," in ji ta. "Ka ce mashi ni ce na ce."

Ba mu sayi man shanun ba. A mota ta juya fuskarta ga taga har muka iso.

Wuta ta ɗan dawo, tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama. A fada an koma musun ko gara kowa ya sayi faifan rana ya huta, da ko ya kamata a hana kamfanoni sayar da lambar mutum, kuma tsohon jandarma da ɗan kabu-kabu har yanzu ba wanda ya kayar da wani. Wana bai sake kira ba. Mai shanu kan latso ni jefi-jefi ya ce shiru ne har yanzu, amma wayar ba ta kwana babu wuta. Duk Juma'a in na kira autarmu aka miƙa wa Inna, mukan gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi aiki. Ba ta sake faɗin sunan ba. Sai za mu yi sallama take cewa, kamar abin da ya faɗo mata yanzu, "Mutumin nan na Cadakori, faifan nashi na aiki kuwa?"